Yadda ake tono albam ɗin hardcore, emo da rock da aka manta da su, har kunne ya saba

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga bakin mutane daban-daban: ina nake samo waɗannan albam da ba wanda ya taɓa jin sunansu, kuma yaya kunnena yake jure wannan hayaniya? Wani ma cewa ya yi ya gwada, minti biyu ya kashe, wai kamar ana dukan langa-langa a tsakar dare. Ban ga laifinsa ba. Kiɗan da matasa suka ɗauka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kuɗin aljihunsu shekara arba'in da suka wuce ba ya tarbar baƙo da fara'a. Akwai tsarin da ake bi, kuma wanda ya tsallake mataki shi ne yake komawa gida da ciwon kai ko da aljihu a bushe.

Abin da za ka tanada kaɗan ne: waya ko kwamfuta, iyafis mai waya wanda kunnuwansa biyu suke aiki, data, littafin rubutu da biro, da kamar minti arba'in da ba mai kiranka. Kada ka sayi komai tukuna. Maganar kuɗi sai a mataki na 9.

1. Kafa turke ɗaya

Zaɓi albam ɗaya sananne da za ka riƙa komawa gare shi, domin ba a gane abin da aka manta sai an san abin da aka tuna. In hardcore kake so, wato reshen kiɗan rock mai sauri da zafi, ɗauki kaset ɗin Bad Brains na 1982, baƙaƙen fata huɗu daga birnin Washington da suke cusa reggae tsakanin waƙoƙinsu masu gudu, wanda hakan yake ba kunne wurin shan iska. In kukan zuci kake nema, ɗauki albam ɗin Rites of Spring na 1985, wanda yawancin masu bin kiɗan suke ɗauka a matsayin mafarin emo, reshen hardcore mai fitar da damuwar zuciya. In kuma mai natsuwa da nauyi ne ya fi maka, ɗauki Spiderland na Slint, 1991.

Ɗaya, ba uku ba. Ka zauna da shi mako guda.

Hattara: kada ka rubuta "emo" kawai a wurin bincike ka bi abin da manhaja ta jero maka. Za ta kai ka ga mawaƙan shekarun 2000 masu baƙin kwalli da suka cika rediyon Amurka, waɗanda hanyarsu daban ce. Su kansu Guy Picciotto, mawaƙin Rites of Spring, da Ian MacKaye, mawaƙin ƙungiyar Embrace, da ake jingina wa sunan, ba su taɓa son kalmar ba.

2. Bi kamfanin da ya buga shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane suke kuskure, domin mun saba bin mawaƙi. A wannan duniyar kamfanin faifai ba katafaren gini ba ne. Sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu a cikin gidan haya, suna naɗe bangon faifai da hannu, suna buga waƙoƙin abokansu da na 'yan garinsu. Saboda haka jerin abin da kamfani ya fitar tamkar taswirar gari ce a wani zamani.

Buɗe Discogs, shafin intanet da ya tattara bayanan faifai kuma ake saye da sayarwa a cikinsa, rubuta sunan albam ɗin turkenka, ka danna sunan kamfanin. Za ka ga duk abin da suka fitar, kowanne da lambarsa. Albam ɗin Rites of Spring shi ne na 16 a jerin Dischord, kamfanin da Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a 1980 don su fitar da faifan ƙungiyarsu Teen Idles. Abin da nake yi shi ne in duba biyar da suke gabansa da biyar da suke bayansa, in rubuta sunayen a littafi. A kewayen nan za ka ci karo da Beefeater da Gray Matter, ka ɗan matsa gaba ka tarar da Embrace. In ka koma baya zuwa lamba 8, ga faifan 1982 da Faith da Void suka raba, kowa da gefensa.

Sauran kamfanonin da suka cancanci a bi su haka, lamba bayan lamba:

SST na Greg Ginn a Kalifoniya. Kowa ya san Black Flag da Minutemen da Hüsker Dü, amma a cikin lambobin farko akwai Saccharine Trust, wadda ba kasafai ake ambatarta ba. Sai dai a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin ya riƙa fitar da kaya barkatai, don haka ka fi ba lambobin farko ƙarfi.

Touch and Go, wanda ya faro a matsayin mujallar hannu a jihar Michigan kafin ya koma Chicago. Nan Negative Approach da Die Kreuzen da Slint suke.

Gravity a San Diego da Ebullition a Goleta, in emo mai ihu da hargitsi na farkon shekarun 1990 kake nema, irin su Heroin da Antioch Arrow.

Jade Tree da Polyvinyl, in emo mai sanyi na jihohin tsakiyar Amurka ne ya kama ka.

Hattara: a Discogs albam ɗaya kan fito da bugu goma ko ashirin. Duba shekarar bugun farko, kar ka ɗauki shekarar sake bugawa ka rubuta ta a matsayin ranar haihuwarsa. Wannan ƙaramin kuskure yana rikita maka lissafin wa ya riga wa.

3. Bi mutanen, da jerin godiya

Ƙungiyoyin nan ba sa daɗewa. Shekara ɗaya ko biyu, an watse, an sake haɗuwa da sabon suna. Rites of Spring ba su yi wasa a bainar jama'a har sau ashirin ba. Saboda haka ka rubuta sunan kowane mutum a ƙungiyar, ka danna shi a Discogs ka ga inda ya fito da inda ya nufa.

Ga yadda zaren yake warwaruwa. Faith ƙungiyar Alec MacKaye ce, ƙanin Ian. Da ta watse, mutum uku daga cikinta suka haɗu da Ian suka zama Embrace, ɗaya kuma, Eddie Janney, ya shiga Rites of Spring. Da waɗannan ƙungiyoyi biyun ma suka watse, sai uku daga Rites of Spring da ɗaya daga Embrace suka kafa One Last Wish, suka ɗauki albam a 1986, suka watse, aka ajiye shi a kan kanta har 1999 kafin ya fito. Ba manhajar da za ta kawo maka wannan albam da kanta. Ni ta bin sunan mai ganga, Brendan Canty, na same shi, kuma a wajena ya fi wasu da ake ta yabo daɗin ji. Haka a Chicago: Cap'n Jazz sun fitar da albam ɗaya a 1995 suka tarwatse, amma daga cikinsu aka sami The Promise Ring da Joan of Arc da American Football.

Sai jerin godiya. A bayan bango ko a takardar da ke cikin faifan, ƙungiya takan jero sunayen waɗanda suka yi wasa tare, waɗanda suka ba su masauki, da waɗanda suka ara musu lasifika. Hotunan waɗannan takardu suna Discogs, ka faɗaɗa su ka karanta. Duk sunan ƙungiyar da ka gani sau biyu a faifai biyu daban-daban, ja layi a ƙarƙashinsa.

Kada ka raina faifan haɗaka, wanda ƙungiyoyi da yawa suke ba da waƙa ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu. Flex Your Head na 1982 ya tattaro matasan Washington a wuri guda, ciki har da waɗanda ba su taɓa fitar da komai ba bayansa. Tsintar dami a kala ke nan.

4. Tambayi dalilin da ya sa aka manta da shi

Kafin ka kashe data, yi binciken minti biyar. Dalilin yana gaya maka abin da za ka tarar.

Akwai wanda ƙungiyar ta mutu kafin ya fito ko jim kaɗan bayan haka, babu mai yawo da shi gari-gari. Slint sun watse kafin Spiderland ya shiga kasuwa. Refused na garin Umeå a Suwidin sun rabu a 1998 suna tsakiyar rangadi a Amurka, a shekarar da The Shape of Punk to Come ya fito, kuma wasansu na ƙarshe a wani ɗakin ƙasa a jihar Virginia 'yan sanda ne suka tashe shi. American Football sun saki albam a 1999 suka kama gabansu, sai a 2014 suka dawo suka tarar da jama'ar da ba su taɓa sanin suna da ita ba.

Akwai wanda ba a fitar ba sam. 'Yan uwa uku baƙaƙen fata a Detroit, David da Bobby da Dannis Hackney, sun ɗauki waƙoƙi a 1975 da sunan Death. Sunan ya tsorata kamfanoni, David ya ƙi canzawa. Ya rasu a 2000, waƙoƙin bakwai ba su fito a albam ba sai 2009 a kamfanin Drag City.

Akwai wanda magoya baya ne suka yi masa tawaye. Jawbreaker sun koma babban kamfani suka fitar da Dear You a 1995 da sauti mai santsi, masoyansu suka juya musu baya, ƙungiyar ta watse a shekarar da ta biyo. Yau shi ne wasu suke rantsuwa da shi.

Sannan akwai kashi na huɗu, wanda masu tara faifai ba sa son a faɗa: wanda aka manta da shi saboda ba shi da daɗi. Suna da yawa, sun ma fi sauran yawa. Ƙarancin abu ba shaidar kyansa ba ne. Ƙungiyar Judge ta New York ta ɗauki albam a situdiyon Chung King, sautin bai yi musu ba, aka buga kwafi 110 kacal, suka sake ɗaukar waƙoƙin suka fitar a 1989 da sunan Bringin' It Down. Wancan da su masu shi suka ƙi, an taɓa sayar da kwafi ɗaya sama da dala 6,000. Mai saye tarihi ya saya, ba daɗin kunne ba.

5. Ji na farko: daga farko har ƙarshe, ba taɓawa

Sa iyafis, kife wayar, ka bar shi ya tafi yadda aka jera shi. Ba tsallakewa, ba gauraya waƙoƙi, ba karanta komai. Yawancin albam ɗin hardcore ba sa wuce minti ashirin zuwa talatin, waƙa ɗaya takan ƙare kafin ka gama gyara zama. A ji na farko ba hukunci kake yankewa ba, kana gane faɗin ɗakin ne kawai. In ka gama, rubuta layi ɗaya: a wace waƙa ce hankalinka ya dawo?

Ka tuna cewa an tsara waɗannan albam ne don faifai ko kaset mai gefe biyu. Duba inda gefen farko ya ƙare, ka dakata a nan minti ɗaya. Waƙar ƙarshen gefe da ta farkon ɗaya gefen ba a banza aka ajiye su ba.

Hattara da lasifikar waya. Ba ta fitar da jitar bes, kuma a wannan kiɗa sau da yawa bes ce take riƙe da karin waƙar yayin da jita take ta hauka. Wanda ya ji ta lasifikar waya rabin waƙar ya ji. Haka in kunne ɗaya na iyafis ya mutu: ƙungiyoyi masu jita biyu sukan raba su hagu da dama.

Hattara da ƙara kuma. Kiɗan yana jan mutum ya ƙure sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai ɗauka lafiya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma da an ɗaga sama lokacin yana raguwa da sauri. In ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙugi, ka wuce gona da iri. Kada ka saurara kusa da janareta, domin za ka ƙara sauti ba tare da ka sani ba.

6. Ji na biyu da na uku: raba kayan kiɗan

Bari kwana ɗaya ya shiga tsakani. A ji na biyu manta da mai waƙa, bi mai ganga kaɗai. Kaɗa ƙafa tare da shi. Za ka gano cewa abin da ka ɗauka hargitsi ne yana da lissafi: akwai wurin gudu, akwai wurin da ake karya gudun a koma taku mai nauyi, wanda a wurin wasa nan ne jama'a suke rikicewa. Mu da muka tashi da jin kalangu da kotso ba a koya mana bin ganga, kunnen yana nan, saba masa kawai za a yi da sabon taku.

A ji na uku ka bi bes, daga nan ka saurari yadda jita take zama a kanta ko take kauce mata. Gefen Void na faifan da na ambata shi ne jarrabawar da nake ba mutane. A ji na farko kamar kowa da waƙar da yake kaɗawa, jitar Bubba Dupree tana ta zamewa kamar za ta faɗi. Sai a na uku za ka gane cewa zamewar ita ce waƙar, kuma duk suna isa ƙarshe tare. Na shafe shekaru ina fifita gefen Faith saboda ya fi tsabta. Yanzu ban cika juya faifan zuwa can ba.

Ga emo irin na Indian Summer ko Moss Icon, abin lura daban ne: yadda ake farawa da raɗa, a maimaita 'yan sautuka kaɗan har ka fara ƙosawa, sannan a fashe. In ka tsallake wurin shirun don ka kai ga ihun, ihun ba zai yi maka komai ba. American Football kuma ƙirga ake yi, domin takunsu ba kullum yake tafiya huɗu-huɗu ba, jitocin biyu suna saƙa kamar zaren tabarma.

Kada ka ɗauki ƙazantar sauti a matsayin aibi kai tsaye. Da yawa an ɗauke su ne cikin kwana ɗaya ko biyu. Faifan Dischord na farko-farko a ɗakin ƙasa na gidan Don Zientara aka yi su, situdiyon da ake kira Inner Ear. Tambayar ita ce ko waƙar tana da rai a ƙarƙashin ƙurar.

In an yi uku bai motsa ka ba, ajiye shi, rubuta kwanan wata, ka dawo bayan wata shida. In har lokacin shiru, a bar shi. Ba bashi ka ci ba.

7. Yanzu karanta baitocin

Sai yanzu, ba kafin nan ba, domin wanda ya fara da karatu idonsa yakan danne kunnensa. Nemi hoton takardar baitocin ta asali a Discogs ko a shafin ƙungiyar na Bandcamp, dandalin intanet da mawaƙa suke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye. Shafukan da jama'a suke rubuta baitoci da ka suna cike da kurakurai, musamman inda ake ihu. Ko Turawan da aka haifa da harshen ba sa jin abin da ake faɗa sai sun duba takarda, don haka kada ka zargi Turancinka.

Hattara biyu a nan. Na farko, akwai ƙungiyoyin masu aƙidar fifita farar fata da suka raɓu da wannan kiɗa tun farkon shekarun 1980, har Dead Kennedys suka yi waƙar korarsu a 1981. Wasu faifan an manta da su ne da gangan. In ka ga alamar 'yan Nazi a bango, ko lambobi irin 88, ko sunan Skrewdriver, ƙungiya mai wannan aƙida, a jerin godiya, rufe ka wuce. Na biyu, wasu ƙungiyoyin suna da ashar, wasu suna taɓa addini, wasu bangonsu ba abin buɗewa a gaban yara ko iyaye ba ne. Duba kafin ka sa a mota ko ka tura wa wani. A ɗaya gefen kuma akwai reshen da ake kira straight edge, daga wata waƙar Minor Threat ta 1981, masu ƙin giya da ƙwaya, da alamar X a bayan hannu.

8. Kalle su a fage, sannan ka fita daga Amurka

Gani ya kori ji. Nemi bidiyon wasan ƙungiyar a YouTube, ko da mai duhu ne. Wasan Bad Brains a gidan wasan CBGB na New York a 1982 yana nan, kuma minti biyar a cikinsa sun fi duk bayanin da zan yi. Tashar hate5six ta tara ɗimbin wasannin hardcore na baya-bayan nan, Dischord kuma sun ajiye ɗaruruwan wasannin Fugazi, ƙungiyar Ian MacKaye ta daga baya, da aka ɗauka a sauti. Ga tsofaffin wasanni, rage ingancin hoton zuwa 240 ko 360, tsofaffin kaset ɗin bidiyo ne, ba abin da za ka rasa sai cin data.

Daga nan ka faɗaɗa. Mujallar Maximum Rocknroll ta San Francisco, da aka buga a takarda daga 1982 zuwa 2019, tana da shafukan rahoto daga ƙasashe da sharhin faifai, kuma faifan haɗakarta Welcome to 1984 ƙofa ce mai kyau. Ingila akwai Discharge, waɗanda takun gangarsu ya zama reshe mai zaman kansa. Finland akwai Terveet Kädet da Rattus, Italiya akwai Negazione da Raw Power, Brazil akwai Ratos de Porão, Japan akwai Gauze da GISM. A Chicago kanta Los Crudos da Sifaniyanci suke waƙa. A Johannesburg kuma National Wake, baƙaƙe da farare a ƙungiya ɗaya a zamanin wariyar launin fata, sun fitar da albam a 1981 wanda matsin hukuma ya binne, sai a 2013 kamfanin Light in the Attic suka tono waƙoƙinsu.

Wannan yawo na hannu zuwa hannu ba baƙonmu ba ne. Albam ɗin farko na Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kuma ta memori da wayoyi ya zaga Sahel tun kafin wani kamfani a waje ya san da shi. Haka kaset ɗin hardcore suka riƙa zagawa ta gidan waya, mai wannan ya kwafa wa mai wancan.

9. Biyan kuɗi: fara da na saukewa

Albam ɗin da ya tsallake ji uku kuma kana marmarin na huɗu, shi ne ya cancanci kuɗinka. Duba Bandcamp da farko. Cikakken albam yakan kama dala 7 zuwa 10, wasu kuma sun bar wa mai saye ya faɗi abin da zai iya, har da sifili. Bandcamp suna cire kashi 15 cikin 100 a kayan saukewa, kuma tun 2020 suna ware wasu Juma'o'i da suke yafe kasonsu. In ba gaggawa kake ba, tara jerinka ka jira irin wannan rana.

Wajen saukewa za a tambaye ka nau'in fayil. MP3 mai lamba 320 yana cin kamar megabait 2.4 a minti, wato albam na minti 30 kusan megabait 72. FLAC yakan ninka haka sau biyu zuwa uku. Ga kaset ɗin da aka ɗauka a gareji a 1983, a kan iyafis na kasuwa, ba za ka ji bambancin ba. Ɗauki MP3.

Hattara: katin naira ba kullum yake wucewa a sayayyar dala ba, kuma iyakar da bankuna suke sawa tana canzawa. Tambayi bankinka kafin ka cika kwando. Kuma duk abin da ka saya, sauke shi ka ajiye kwafi a memori ko kwamfuta. Ƙananan ƙungiyoyi sukan goge shafinsu dare ɗaya, haka albam kan ɓace daga Spotify idan rigimar haƙƙin mallaka ta taso. Abin da ka samu a YouTube kaɗai, wanda wani ya kwafa daga faifansa, rubuta cikakken sunansa da shekara da kamfani, domin gobe ba lallai ka tarar da shi ba.

10. Faifai da kaset, ga wanda ya nace

Ba dole ba ne, kuma ga mai zama a Kano ko Zinder ko Kumasi hanya ce mai tsada, domin kuɗin aikowa daga Amurka ko Turai sau da yawa yana kai kuɗin faifan ko ya fi shi. In ka nace, ga tsari.

Nemi sabon bugu kafin tsoho. Numero Group sun sake buga Unwound da Duster da Indian Summer, Temporary Residence sun tattara Moss Icon, Dischord kuma suna ci gaba da buga tsofaffin kayansu a farashi mai sauƙi. Sautin sabon bugu sau da yawa ya fi, kuma kuɗinsa bai kai rabin na asali ba.

In tsoho za ka saya a Discogs, duba darajar da mai sayarwa ya ba shi. NM kusan sabo ne, VG+ ya ɗan sha hannu amma lafiya, VG za ka ji ƙaraf-ƙaraf, G kuwa sunan ne kawai mai kyau. Kada ka sauka ƙasa da VG+ ga kiɗa mai wuraren shiru irin na Slint. Duba tarihin farashin da aka sayar a baya, duba yabon da masu saye suka yi wa mai kayan, ka tabbata yana aikowa ƙasarku, sannan ka sayi uku ko huɗu a wurin mutum ɗaya don kuɗin aikowa ya rabu. Roƙe shi ya fitar da faifan daga bangonsa ya jera su gefe da gefe a cikin kwalin, in ba haka ba gefen faifan yana tsaga bangon a hanya.

Hattara da na'urar juya faifai. Wutar Amurka volt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 mai bugu 50. Na taɓa sayen tsohuwar na'ura da aka kawo daga can, na haɗa ta da taransifoma, ta tashi lafiya. Makonni ina jin wani faifai ina mamakin yadda muryar mai waƙar ta yi kauri haka, ina ma yaba nauyin kiɗan. Ashe injin da bugun wuta yake ƙirga gudunsa, maimakon juyi 33 da ɗoriya a minti yana yin kusan 28. Taransifoma tana gyara ƙarfin wuta, ba ta gyara bugu. Duba bayan na'urar ka ga an rubuta 50, ko 50 da 60, kafin ka biya. Ka kuma lura cewa ƙananan faifai masu inci 7 na hardcore ba duka ne suke juyi 45 ba, da yawa 33 ne don waƙoƙi su samu wuri, kuma ba kullum ake rubutawa ba.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Faifan da aka bari a mota da rana, ko kusa da taga, ko ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, zai lanƙwashe kamar faranti, kuma ba ya komawa daidai. Jera su a tsaye, kada ka ɗora wani kan wani, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Lokacin hunturu ƙura takan cika ramukan faifan, sai ka goge da burushi mai laushi kafin ka ɗora allura, ka mayar da shi rigarsa da zarar ya gama. Kaset kuma ka nisanta shi da lasifika saboda maganaɗisu, in ya daɗe a ajiye ka zagaya shi gaba da baya sau ɗaya kafin ka kunna.

11. Rubuta, ka miƙa wa mutum ɗaya

A littafinka kowane albam ya samu shafi: suna, shekara, gari, kamfani da lamba, ta wace hanya ka iso gare shi, waƙar da ta fara kama ka, da sunaye biyu da za ka bi daga cikinsa. Waɗannan sunaye biyu su ne turkenka na mako mai zuwa, sai ka koma mataki na 2.

In za ka ba aboki, kada ka tura masa jerin albam ashirin, ba zai buɗe ko ɗaya ba. Tura waƙa ɗaya, ka gaya masa a daƙiƙa ta nawa zai kasa kunne da kuma kayan kiɗan da zai bi. In ya dawo da tambaya, sannan ka ba shi albam ɗin, ka ce masa ya nemo iyafis mai kunne biyu.